Manhajar da ta san za a ɗauke wuta

A ƙaramin ofishinmu da ke Samaru aka ɗora mini aikin haɗa manhajar girkawa, wadda za ta sauko da kayan aikin masu rubuta manhaja daga intanet, ta ajiye kowane ƙunshi a mazauninsa. Na gwada ta a kwamfutata, komai ya tafi sumul, na raba wa ɗaliban da ke koyon aiki a wurinmu.

Bayan kwana uku sai ga wata ɗaliba daga unguwar Kongo, rungume da kwamfutarta. "Malam, abin ya ƙi gaba ya ƙi baya." Batirinta ya daɗe da mutuwa, ana tsaka da girkawa aka ɗauke wuta. Rabin fayilolin sun shiga, amma manhajar tawa ta riga ta rubuta cewa an kammala. Sake girkawa ya gagara, cirewa ma haka, ga datar da ta saya da kuɗin cefanenta ta tafi a banza. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin laifin nawa ne.

Na rushe tsarin na sake. Yanzu kowane ƙunshi sai ya fara sauka a wani wurin wucin gadi, a lissafa lambar SHA-256 ɗinsa, wato jerin haruffa da lambobi da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil kamar zanen yatsa, a gwada da ta asali. In harafi ɗaya ya saɓa, ba ya shiga. Sai komai ya cika sannan a mayar da shi mazauninsa a taki ɗaya, kuma a lokacin ne kawai ake rubuta "an gama". Idan layi ya yanke, daga inda aka tsaya ake ci gaba, domin tsarin HTTP, wanda ake sauko da fayiloli da shi daga intanet, ya ba da damar neman ragowar fayil kaɗai. Wannan ɗan gyaran shi ya fi komai faranta wa ɗalibai rai.

Akwai kuma abin da ban taɓa kawowa a raina ba: sunayenmu. Wanda ya sa Sa'idu a matsayin sunan da yake shiga kwamfuta da shi, sunan kan fito a adireshin fayilolinsa, kuma wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan ta isa ta karya umarnin da bai killace adireshin fayil da kyau ba. Haka Windows ke tirjewa idan adireshi ya haura haruffa 260, matuƙar ba a sauya saitinsa ba.

Kafin in saki sabon zubi yanzu, nakan kunna girkawa a tsohuwar kwamfutar ofis marar batiri, in bari ta kai rabi, in miƙa hannu in zare wayar wuta daga bango.