Tarihin Rayuwata (7): Rabin wata a cikin bututu

Makon jiya na tsaya a inda heluma ya cire ni daga cikin masu diga da shebur, ya haɗa ni da wani dattijo mutumin Zariya da kowa ke ce wa Baba. Lokacin ba a daɗe da dawo da gwamnati daga Legas ba, a Disambar 1991, ko'ina ka duba a Abuja jar ƙasa ce da katafila.

Da, a wurina bututu bututu ne. Baba ne ya bambance mini su. Na ruwan sha, irin wanda ke kawo ruwa daga madatsar Usuma ta wajen Bwari, ƙarfin ruwan ke tura abin da ke cikinsa, har tudu yana hawa. Na najasa kuwa ba mai tura shi sai gangare. Gangaren ya yi kaɗan, ƙazanta ta kwanta ta toshe hanya. Ƙazantar da ke shiga bututun najasa daga bayan gidan Garki, Wuse da Maitama a yau, da wannan gangaren take tafiya har matatar najasa ta Wupa, mutane na ta wucewa a sama ba su sani ba.

Ranar da aka fara bar mini layin bututun najasa a Wuse, ɗoki ya kwashe ni. Ƙa'ida ita ce a shimfiɗa yashi a daddaɓe, a ja igiya, a auna kowane bututu kafin a sa na gaba. Ni kuwa so nake a ce yaron nan yana da sauri. Na tsallake awo a wuri biyu.

Da la'asar Baba ya shiga manhol na sama, wato ramin da ake shiga a duba bututu, da tocila, ya ce in shiga na ƙasa in leƙa.

"Yaro, me ka gani?"

"Baba, haske kamar rabin wata."

"In layi ya miƙe, cikakken wata ake gani. Ɗauko shebur."

Bai zage ni ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tare muka tone, shi da furfurarsa, muka tarar bututu biyu sun nutse inda ban daddaɓe yashin ba.

Muna cikin ramin, zurfinsa ya shanye tsayina, hadari ya haɗu ta wajen Dutsen Aso. Katakon da ake tokare bangon rami da shi kuma ɗan kwangila bai kawo ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.