Harajin shayi da albashina na farko a Boston

Albashina na farko a Boston ya zo da giɓi. Na riga na lissafa awoyin da na yi a wajen gadi, na raba kuɗin a raina: haya, cefane, da abin da zan tura wa Inna a Katsina. Da na buɗe takardar sai na tarar gwamnatin tarayya ta ɗebi nata, jihar Massachusetts ta yanki kashi 5 cikin 100, ga na fansho, ga na lafiyar tsofaffi.

Na kai kukana wajen wani dattijo Bahaushen Kumasi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a na Roxbury, tsohon direban tasi, kowa Baba yake ce masa. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Yaro, ka zo garin da haraji ya haddasa yaƙi, kana kukan haraji? A ina kake sauka daga jirgin ƙasa?"

Na ce, "Tashar State, Baba."

"To gobe in ka fito, ka ɗaga kai ka dubi ginin da ka fito daga ƙarƙashinsa, sannan ka dubi inda ƙafarka take."

Wata uku ina bi ta wurin, kaina a sunkuye saboda sanyi. Ashe ɗan jan ginin nan da dogayen benaye suka yi wa ƙawanya tun 1713 yake, kuma a cikinsa gwamnan da Sarkin Ingila ya naɗa yake zama da majalisarsa. A samansa akwai siffar zaki da ta doki mai ƙaho ɗaya, tambarin sarautar Birtaniya. A ƙasa kuwa an jera duwatsu an yi da'ira, alamar wurin da sojojin Ingila suka buɗe wa taron mutane wuta ranar 5 ga Maris, 1770, mutum biyar suka rasa ransu.

Daga nan na fara bin labarin, rabi a bakin Baba, rabi a ɗakin karatu na unguwarmu inda nake fakewa saboda ɗumi. Bayan yaƙi da Faransa ya ƙare a 1763, bashi ya yi wa Birtaniya katutu, sai majalisar Landan ta ce mutanen Amurka, da ke ƙarƙashin mulkinta a lokacin, su kawo nasu kason. A 1765 aka ce jarida, takardar kotu, har da karta, duk sai a kan takarda mai hatimin gwamnati da aka saya. Mu da muka tashi muna liƙa kan sarki a wasiƙa, abin bai yi mana nisa ba. Mutanen Boston suka fasa gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson, suka yi kaca-kaca da shi. Aka soke dokar a 1766, amma a 1767 aka dawo da haraji a kan gilashi, fenti, takarda da shayi, a 1768 kuma aka sauke sojoji a garin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rayuwar waɗannan sojoji. Baƙi ne, albashinsu bai taka kara ya karya ba, don haka in sun tashi daga aiki sukan nemi ƙwadago a gari a kan kuɗin da ɗan gari ba zai karɓa ba. Kwana uku kafin harbin, an yi dambe tsakaninsu da masu tufkar igiyar jiragen ruwa, kuma neman aiki ne ya haɗa su. Na san irin kallon da ake yi wa baƙon da ya yarda da ƙaramin lada, don an yi mini shi. A daren harbin, matasa ne suka fara jifan wani soja mai gadi da dunƙulen ƙanƙara. Cikin waɗanda suka faɗi akwai Crispus Attucks, ma'aikacin jirgin ruwa mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasar. Lauyan da ya kare sojojin a kotu, John Adams, shi ne ya zama shugaban ƙasa na biyu.

Batun shayi ya fi ba ni mamaki. Dokar 1773 arha ta sa shayin kamfanin East India ya yi, amma da ɗan haraji a cikinsa, kuma sayen sa na nufin an yarda majalisar da ba su da wakili ko ɗaya a ciki tana da ikon taɓa aljihunsu. Daren 16 ga Disamba mutanen Boston suka hau jirage uku suka juye akwatin shayi 342 a teku. Landan ta rufe tashar jiragen garin a 1774, ta ɗora Janar Thomas Gage a kujerar gwamna. Ranar 19 ga Afrilu, 1775 aka fara musayar wuta a garuruwan Lexington da Concord kusa da Boston, mafarin yaƙin neman 'yancin Amurka.

Ban hadiye labarin duka ba, gaskiya. Jaridun da ke kukan Ingila za ta mai da su bayi, a shafukansu ake buga tallar bayi 'yan Afirka na sayarwa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Da na faɗa wa Baba haka, ya ce in ajiye wannan a cikina ranar jarrabawar zama ɗan ƙasa, in ba su amsar da suka tambaya kawai.

Tambayar kuwa tana cikin ɗan littafin da uwargida ke yi mini bita da shi bayan sallar isha'i: me ya sa mutanen ƙasar suka yaƙi Birtaniya? Ɗaya daga cikin amsoshin shi ne haraji ba tare da wakilci ba. Ranar da ta fara karanto ta, takardun harajina na shekara suna baje a kan tebur, 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa su, ta matso. Mai katin zama irina yana biyan duk abin da ɗan ƙasa ke biya, amma ba ya zaɓen ɗan majalisa, sai ya cika shekara biyar kafin ma a ba shi ƙasar. Ta dubi takardun, ta dube ni.

"Maigida, kai wane jirgin za ka hau ka zubar da shayinsu?"

Na ce ta ƙaro mini ruwan zafi tukuna, na kofin ya huce. Saura shekara biyu da wata huɗu.