Reshen kanal ɗin da ruwa ya daina bi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga gonaki kore shar dama da hagu, alhali sauran ƙasa ta bushe ƙayau. Ruwan da ke raya su daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Babban kanal ne yake ɗauko shi ya biyo ta tafkin Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu rassa-rassa a ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. Hikimar aikin ita ce ba inji ke tura ruwan ba. An auna ƙasa aka shimfiɗa hanyar bisa gangare, ruwa ya riƙa tafiya da kansa har bakin gona, manomi ya sa tiyo ya janyo shi cikin fangali.

To, amma ba kowane reshe ne ya ci gaba da aiki ba. A bayan ƙauyenmu akwai wani ƙarami wanda ya daɗe bai ga ruwa ba sai na damina. Ƙofar ƙarfen da ake buɗe masa ruwa da ita tana nan tsaye, tsatsa ta cinye gindinta, an kuma kwance abin murɗa ta, watakila ya daɗe da shiga buhun 'yan gwangwan. Simintin gefenta ya dare, tumfafiya ta tsiro a cikin tsagar, masu yin bulo kuma sun yagi gaɓar suna ɗibar ƙasa. Yanzu cikinsa ya zama hanyar awaki da masu zuwa itace.

Dattawanmu sun san lokacin da wannan reshe yake cike maƙil, musamman bayan da gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, kowa ya koma nomanta. Idan aka tambaye su yadda ya mutu, sukan ce daga wutsiya ya fara. Laka da yashi suna taruwa a ƙasan kanal kowace shekara, ciyawar kachala kuma, wadda ta addabi fadamun Haɗeja ma, tana kafa saiwa duk inda ruwa ya rage gudu. Da ruwan ya ragu, sai masu gonakin farko suka riƙa tare shi, wasu har suna fasa gaɓa cikin dare, na ƙarshe kuwa su kwana a gona suna jiran abin da ba zai iso ba. Wanda ba ya samun ruwa ba zai fito gayyar yashe ba, idan kuma ba a yashe ba sai matsalar ta matso gaba ta kama maƙwabcinsa. A haka aka tafi gona bayan gona har ta iso bakin ƙofa.

An fi son ɗora wa hukumar da ke kula da kanal ɗin laifi, kuma tana da nata kason, amma a ganina yashe ƙaramin reshe irin wannan bai fi ƙarfin mutanen da ke sha daga gare shi ba, da sun ci gaba da haɗa kai.

Noman rani bai tsaya ba, sai dai ya yi tsada. Masu hali sun haƙa rijiyoyi a gonakinsu, sun sayi injin ban-ruwa suna noma tumatir da albasa, suna kai kwanduna kasuwar Kwanar Gafan. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai yake cinye kaso mai tsoka na ribar, shi ya sa wasu suka fara komawa inji mai aiki da hasken rana. Ƙaramin manomi kuwa, wanda da ma dominsa aka yi kanal, yakan ba da gonarsa jingina ya tafi cin rani.

Ana ta maganar farfaɗo da reshen, kuma haƙar ba za ta gagari matasan gari ba. Wahalar tana can ƙarshensa, inda wasu suka cike shi suka haɗe da gonakinsu, har an raba gado a kai. Kafin a ɗaga shebur sai an zauna gaban dagaci an sake fitar da iyaka, kuma har yau ba a sami wanda ya yarda ya fara kai wannan magana ba.