Ranar da Na Mayar da Hatsaniya Tarzoma

A shekarata ta farko a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, inda nake fassara rahotanni daga Turanci zuwa Hausa, wata rana da hantsi aka miƙo mini takarda mai layi biyar kacal, wadda ke cewa an yi "fracas" tsakanin masu lodi da wasu direbobi a tashar mota. Lokacin labarai ya ƙarato, ban tsaya dogon tunani ba na rubuta cewa tarzoma ta ɓarke a tasha, aka kuma karanta yadda na rubuta. Kafin azahar goggona ta kira ni, muryarta tana rawa, tana tambaya ko ta aika a kwaso yara daga makaranta. Abin da ya faru kuwa bai wuce cacar baki a kan kuɗin lodi ba, wadda ta kai ga cin kwala, kuma kafin 'yan sanda su iso har an raba.

Babban editanmu, wanda dattijo ne mai sanyin hali, bai ɗaga mini murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, a garin da ya taɓa ganin tarzoma, ba a furta wannan kalma sai an auna ta." Na ce, "Na yi kuskure, ranka ya daɗe." Tun daga wannan mako na sayi ƙaramin littafi, na shiga bin salsalar kalmomin Turanci da suka shafi rigima ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta takwarar kowace a Hausa.

Da wadda ta kayar da ni na fara. "Fracas" ta shiga Turanci ne daga Faransanci, shi kuma ya aro ta daga wata kalmar Italiyanci mai nufin farfasa abu da ƙara, saboda haka abin da take nunawa shi ne faɗa mai kwaramniya na ɗan lokaci, wato hatsaniya. Kalmar da ta dace da tarzoma ita ce "riot", kuma nauyinta daga doka ya samo asali. A shekarar 1714 majalisar Birtaniya ta kafa wata doka da ta ce idan mutum goma sha biyu ko fiye suka taru suna tayar da zaune tsaye, jami'in hukuma zai karanta musu sanarwa da sunan sarki, kuma duk wanda bai watse ba bayan awa guda zai iya fuskantar hukuncin kisa. Daga nan aka sami salon maganar "read the riot act", wanda jaridunmu ke yawan sa wa a kanun labari. Idan aka ce gwamna ya yi wa 'yan kwangila haka, kunnensu ya ja da kakkausar murya, babu wata tarzoma a ciki.

Na ɗauka cewa sanin asali ya wadatar, sai "uproar" ta nuna mini iyakarsa. Duk mai jin Turanci zai zaci tana da alaƙa da "roar", rurin zaki, alhali daga harshen mutanen Holan ta fito, inda take nufin bore. Kunnen Turawan Ingila ne ya ji ruri a cikinta, da tafiya ta yi tafiya ma'anarta ta karkata zuwa ihu da hayaniya. Wanda ya bi asalinta kawai zai ce 'yan majalisa sun yi bore, alhali surutu ne ya kaure a zauren har shugaba ya kasa tsawatarwa.

Kalmar da ta fi taɓa mini zuciya ita ce "bedlam". A 1247 aka kafa wani gidan ibada a Landan da sunan Baitalami, daga baya ya zama asibitin masu taɓin hankali, bakin jama'a kuma ya tauna sunan har ya koma yadda yake a yau. An daɗe ana barin mutanen gari su shiga kallon majinyatan kamar masu zuwa kallon wasa, sai a 1770 aka hana wannan shiga ta barkatai. Kukan bayin Allah marasa lafiya ne ya zama sunan hargitsi a harshen, kuma tun da na san haka ban ƙara jin kalmar ba tare da na tuna da su ba.

Sauran sun zo da sauƙi. "Donnybrook" sunan wata unguwa ce a Dablin ta ƙasar Ailan, inda aka riƙa cin kasuwar shekara-shekara da ta yi ƙaurin suna wajen shaye-shaye da doke-doke har aka rufe ta a 1855. "Pandemonium" kuwa mawaƙi John Milton ne ya ƙirƙire ta a 1667, ya haɗa kalmar Girkanci mai nufin "duka" da mai nufin "aljani", ya raɗa wa fadar shaiɗanu a cikin wuta. Na ji daɗin "melee" ƙwarai, domin tushenta a Faransanci cakuɗawa ne, daidai da yadda yamutsi ya fito daga yamutsawa.

Yanzu idan irin wannan rahoto ya zo, nakan kira wakilinmu kafin in ɗora alƙalami, in tambaye shi yawan mutanen, ko baki ne kawai ko an kai ga hannu, da kuma ko abin ya fantsama kan titi. Kwanakin baya aka aiko cewa an yi "pandemonium" a wata kasuwa, da na bincika sai wakilin ya ce tukunyar gas ce ta yi ƙara, mutane suka yi ta kansu, babu wanda ya ji rauni. Na rubuta cewa an sami ruɗani da guje-guje na 'yan mintoci, kuma kasuwa ta ci gaba da ci.