Gajimaren Jungfraujoch da kuɗin da ya cinye mana

Tun muna Jos ni da ƙanin matata muka tsara 'yan kwanakin da za mu yi a tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan bayan ya kammala wani taron aiki a Jeniba. Biza da masauki da jirgin ƙasa zuwa garin Interlaken da ke gindin tsaunukan duk sun tafi yadda aka so. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne hawan Jungfraujoch, wanda muka sayi tikitinsa tun muna gida, muka kuma ajiye shi a ranar ƙarshe, wai domin a rufe tafiya da babban abu.

Ga wanda bai sani ba, nan ce tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai, mita 3,454 daga doron teku, an buɗe ta a 1912 bayan an fasa rami a cikin duwatsun Eiger da Mönch. Daga can ake hango Aletsch, kogin ƙanƙara mafi girma a Alps. Kuɗin zuwa da dawowa daga Interlaken ya haura faran 200 na kuɗin Suwizalan ga mutum guda, kuma ko mai riƙe da Swiss Travel Pass, wato tikitin da baƙi ke yawo da shi a jiragen ƙasar, rangwame kawai yake samu da zarar ya wuce ƙauyen Grindelwald ko Wengen da ke kan hanyar hawa. Duk mai karɓar albashi da naira ya san nauyin wannan adadi.

Kwanakin farko sama ta yi garau, har kan tsaunin Jungfrau muke gani daga tsakiyar gari, amma muka ƙarar da su a jirgin ruwa a tafkin Brienz da yawo a kwarin Lauterbrunnen, muna kallon ruwan Staubbach yana zubowa daga tsayin kusan mita 300. Wurare ne masu kyau ƙwarai, sai dai kyansu ba ya buƙatar rana, domin ko ana yayyafi mutum zai more su. Da ranar hawanmu ta zo, muka shiga Eiger Express, motar da ke rataye a igiya, wadda ta fara aiki a 2020, tun kafin mu kai rabin hanya gajimare ya haɗiye mu. A can sama babu abin da ido ke gani sai fari fat, iska tana watsa mana ƙanƙara a fuska, ni kuma ina haki bayan 'yan matakala saboda ƙarancin iskar shaƙa. Ƙanin nawa ya goge gilashin taga da hannun rigarsa, ya leƙa, ya ce, "Yaya, ashe farin bango muka biya kuɗi muka zo kallo." Washegari da asuba muka kama hanyar filin jirgi, babu halin sakewa.

Abin takaicin shi ne akwai kyamarori a kan tsaunin da ke nuna halin da ake ciki kai tsaye a intanet, kuma da su masu sanin wurin ke yanke shawara da safe kafin su fitar da ko faran ɗaya. Mu mutanen Jos mun san yadda gajimare ke rufe duwatsun Shere a watan Agusta ya yaye bayan sallar azahar, to na can ba ya da wannan alƙawari, hasali ma a lokacin zafi safiya ce ta fi zama garau, gajimare ya taru da rana. Saboda haka wanda kwanakinsa kaɗan ne ya bar ranar hawa a buɗe, ya duba kyamara bayan sallar asuba, safiyar farko da ya ga kan tsauni a fili ya ajiye duk wani shiri ya hau. Tafki da kwari suna nan suna jiransa.

Rigar sanyin da ke isar mutum a Jos cikin Disamba ba ta isa can ba ko a watan Yuli, sannan baƙin tabarau dole ne saboda hasken ƙanƙara. Idan kuwa kyamara ta nuna fari har kwanaki suka ƙare, gara a riƙe kuɗin a hau tsaunin Harder Kulm da ke saman Interlaken, mita 1,322 kacal, inda sau da yawa mutum yana ƙarƙashin gajimaren, yana kallon tafkunan Thun da Brienz a lokaci guda.