Wanda fatarsa ba ta ji, da ido yake rayuwa

Baffana ya warke daga kuturta tun ina firamare. Ya sha maganin nan na wata 12 da ake bayarwa kyauta a asibitin Bela da ke Yadakunya, ƙwayar cutar ta mutu. Sai dai abin da ta ci ta riga ta ci: yatsunsa sun ƙanƙame, tafin ƙafarsa kuwa ko ƙusa ya taka ba ya ji.

A can aka koya masa kullum da yamma ya jiƙa ƙafa a ruwa, ya shafa mai, ya duba ko akwai tsaga ko ƙaya, ya leƙa cikin takalmi kafin ya zura ƙafa. Duk aikin ido ne. Da yanar ido ta rufe masa ido biyu, komai ya tsaya. Makaho yana lalube da hannu, shi kuwa Baffa hannun ba ya gaya masa komai. A damina guda gyambo ya buɗe masa a diddige, wari ne ya sanar da mu.

Wasu a dangi suka ce, "Tsoho ne, ga lalura, wa zai yarda ya taɓa shi?" Wannan magana har yau tana yi mini ciwo, domin wanda ya kammala magani ba ya sa wa kowa cutar.

Da muka kai shi a cire yanar, likitar ido ta ce, "Baba, rufe idonka in gani." Kuturta takan kashe jijiyar fatar ido, mutum ya kwana ido a buɗe har ya bushe, to irin wannan sai an gyara kafin a taɓa yana. Nasa yana rufuwa, alhamdulillahi. Ta ce ban da tsufa, kumburin cikin ido da yawan shan maganin prednisolone, wanda ake ba masu kuturta idan jijiyoyinsu suka kumbura, suna gaggauta yana.

Aikin bai kai awa ba. Allurar kashe zafi, aka cire yanar, aka sa ɗan gilashin roba. Washegari aka buɗe bandeji ya gane ni.

Wahalar tana gida. Kwalbar maganin ɗigawa ƙarama ce, sai mai yatsu, ga shi sau da yawa a rana har makonni. Ni da ƙanwata muka raba, ita safe da azahar, ni in na taso daga kasuwar Kwari. Ɗaya idon sai bayan Sallah, lokacin ƙanwata tana hutun makaranta.