Gonar aro ba ta riƙe gawo

Na yi shekaru ina aikin malamin gona a ƙauyukan Agye, cikin jihar Maraɗi, ina koya wa manoma sassaben zamani. Dabarar ba ta da wuya: in ka zo sharar gona kada ka tumɓuke kututture, ka zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, biyu ko uku, ka bar su su tashi. Tun 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara yaɗa ta a nan Maraɗi, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Ina alfahari da ita har gobe.

Da farko duk wanda ya sare itacen da muka bari, jahilci nake ɗora masa. Wani dattijo ne ya warkar da ni. Na tarar ya share gonarsa fes, ko gawo ɗaya bai bari ba, alhali ya fi ni sanin cewa gawo yana zubar da ganye da damina, gero kuwa ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Na fara yi masa faɗa. Ya ce, "Ɗana, gonar aro ce. In na raya itace, mai ita zai ce ina neman gaje ta. In ta yi kyau kuma, baɗi ya karɓe abarsa."

Daga ranar idona ya buɗe. Masu rumbu cike su ne ke iya jiran itace shekara biyar. Talaka kuwa, hatsinsa kan ƙare tun kafin shuka, sai ya jinginar da gonarsa, ya koma ƙwadago a ta wani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na mata. Da itatuwa suka yi daraja, masu gonaki suka fara tsaron su, macen da ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa sai ta ƙara nisa wajen neman makamashi, ko ta saya da kuɗin da ba ta da su. Mu kuwa muna can muna ƙirga itatuwa a takarda, muna murna.

Bayan damina biyu muka zauna gaban maigari da dattijon nan da mai gonar, aka rubuta aro na shekara goma da shaidu, aka yarda rassan da dattijon ya sassabe nasa ne. A shekarar ya bar gawo bakwai.